Hukuncin da Fritz Lang Ya Ƙi Bari Mu Ji

A ƙarshen fim ɗin M, wanda Fritz Lang ya shirya a Jamus a shekarar 1931, alƙalai suna shigowa cikin rigunan shari'a su zauna, babbansu ya buɗe baki ya ce da sunan al'umma, sai a ɗauke kyamara daga kansu tun bai ƙarasa ba. Abin da ya rage mu gani shi ne mata uku sanye da baƙaƙen kayan makoki a kan benci, ɗayarsu tana cewa wannan ba zai dawo musu da 'ya'yansu ba, kuma ya kamata a ƙara sa ido a kan yara. Daga nan allo ya yi duhu. Mai kallo ya shafe kusan awa biyu yana bin sawun mutumin da ke kashe ƙananan yara mata, amma an hana shi jin ko kashe shi aka yi, ko ɗaure shi, ko mayar da shi asibitin masu taɓin hankali.

Na sha jin masu kallo suna kiran wannan ƙarshe ragwanta. Wani abokina da muka kalli fim ɗin tare ya ce Lang ya tayar da ƙura ne ya gudu, domin duk wanda ya kawo mai kashe yara gaban jama'a, wajibi ne ya faɗi abin da ya cancanta a yi masa. Ban yarda da shi ba a ranar, kuma bayan na sake kallon fim ɗin sau da dama na ƙara nisa da ra'ayinsa. A fahimtata Lang ya amsa tambayar da ya ɗauko, amsa ƙarara, sai dai tambayar tasa ta bambanta da wadda abokina ya zo da ita. Abokina yana tambayar wane hukunci ya dace da makashin, shi kuwa Lang yana tambayar hannun wa ya halatta ya zartar da shi. Ina ganin ya yi daidai da ya fifita ta biyun, ko da yake akwai wuri guda da nake ƙorafi a kansa.

Labarin ya fara ne da Elsie Beckmann, yarinya 'yar makarantar firamare, wadda mahaifiyarta mai sana'ar wankau take jira da abincin rana. Elsie ta taso daga makaranta tana buga ƙwallonta a jikin wata takardar sanarwa da aka manna a bakin titi, takardar da ke alƙawarin tukuicin mak dubu goma, kuɗin Jamus na lokacin, ga duk wanda ya taimaka aka kama mai sace yara. Sai inuwar wani mutum mai malafa ta faɗo a kan rubutun, murya mai laushi ta yaba ƙwallon ta tambayi sunanta. Ya saya mata balan-balan a hannun wani makaho yana fito da baki. Ba a nuna mana kisan ba, kuma a duk tsawon fim ɗin ba a nuna ko guda ba. Abin da muke gani shi ne uwa tana kwaɗa kiran sunan 'yarta a matakalar bene babu amsa, da faranti a kan tebur ba mai ci, da ƙwallo da ya gangaro daga cikin ciyayi ya tsaya, da balan-balan da ya maƙale a wayoyin tangaraho. Na kawo wannan dalla-dalla ne saboda kada wani ya ce Lang ya yi wa laifin kwaskwarima don a ji tausayin mai laifi. Tun a minti goma na farko ya tsayar da mu a gefen uwar, kuma bai taɓa janye mu daga nan ba.

Abin da ya biyo baya shi ne firgici ya mamaye birnin. Makashin ya aika wa jaridu wasiƙa da jan fensir yana cewa bai gama ba. Mutane suka shiga zargin juna, maƙwabci yana kai ƙarar maƙwabci, abokan hira a teburin shan giya suna shirin dambacewa domin ɗaya ya ce ya ga ɗayan yana bin wata yarinya. Akwai wata fitowa gajeriya wadda, a ganina, duk hujjar fim ɗin tana cikinta. Wata yarinya ta tambayi wani dattijo ƙarfe nawa, ya duba agogonsa ya faɗa mata, sai wani ƙato ya tare shi yana tambayar me yake nema a wurin yarinyar. Kafin dattijon ya gama rantse-rantse jama'a sun yi masa zobe suna ihun ga makashin nan. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwa lokacin da aka yi ihun ɓarawo ya san yadda abin yake tafiya, domin na goma da ya iso da sanda ba ya tambayar me aka sata, balle a hannun wa aka gani.

'Yan sanda kuwa, ƙarƙashin Sufeto Lohmann, sun kwashe wata takwas suna aiki ba dare ba rana babu abin nunawa. Da dabara ta ƙare musu sai suka koma kai samame kowane dare a mashaya da gidajen caca da maɓoyar ɓata-gari. A nan ne labarin ya ɗauki wata hanya da ba a saba gani ba. Shugabannin ƙungiyoyin masu laifi na birnin, irin waɗanda suka wanzu da gaske a Berlin ta wancan zamani da sunan ƙungiyoyin zumunci, suka kira taro a ƙarƙashin wani gwanin fasa akwatunan ajiyar kuɗi da ake kira Schränker, suka yanke shawarar su kama makashin da kansu. Ya kamata mai kallo ya riƙe dalilinsu da kyau, domin Lang bai ɓoye shi ba. Samamen 'yan sanda ya tsayar musu da sana'a, aljihu ya bushe, kuma suna jin haushin a riƙa haɗa su da irin wannan mutum. Tausayin yara yana cikin maganarsu, amma kasuwa ce ta tara su a ɗakin. Lang ya riƙa yanko taronsu yana haɗawa da taron manyan 'yan sanda, hayaƙin taba iri ɗaya, zama iri ɗaya, har wani ya fara jimla a wannan ɗaki wani ya ƙarasa ta a wancan.

Ɓarayin suka ɗauki mabaratan birnin haya, aka raba musu tituna, domin mabaraci yana iya tsayawa ko'ina ba wanda zai kula da shi. Makahon nan mai sayar da balan-balan ne ya sake jin fiton da ya ji ranar da Elsie ta ɓace, wato wani kiɗa na Edvard Grieg, ɗan ƙasar Norway, ya gane shi. Ya sanar da wani saurayi, shi kuma ya rubuta harafin M da alli a tafin hannunsa, harafin farko na kalmar Jamusanci mai nufin makashi, ya yi kamar ɓawon lemo ne ya kwashe shi, ya dafa kafaɗar mutumin. Daga nan makashin, mai suna Hans Beckert, ya zama mai tambari, ana miƙa shi daga idon wannan mabaraci zuwa na wancan, har ya faɗa wani babban ginin ofisoshi ya ɓuya a ɗakunan ajiya na can sama. Da dare ɓarayin suka mamaye ginin, suka ɗaure masu gadi, suka azabtar da ɗayansu, suka fasa ƙofofi da daɓen bene, suka fito da shi suka kai shi wata tsohuwar masana'antar barasa da aka daina amfani da ita.

Masu ra'ayin abokina suna da hujja mai ƙarfi a nan, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba. Ɓarayin sun kama mutumin da ya dace, kuma sun gano shi yana tare da wata yarinya da ƙila da ba ta kwana a duniya ba. Da an jira hukuma, in ji su, da an ƙara gawa ɗaya. Wannan gaskiya ne gwargwadon yadda labarin ya nuna. Amma akwai rabin labarin da masu wannan hujja suke tsallakewa. A daidai lokacin da mabarata suke gadin tituna, Lohmann ya sa an tattaro sunayen waɗanda aka sallamo daga asibitocin taɓin hankali a 'yan shekarun baya, ana bin su ɗaya bayan ɗaya. Wani jami'i ya shiga ɗakin da Beckert yake haya, ya ga kwalin taba samfurin Ariston a kwandon shara, irin wadda aka tsinta a wurin wani kisa da ya gabata, daga baya kuma suka gano ɓurɓushin jan fensir a dakalin taga inda aka rubuta wasiƙar nan. A daren da ɓarayi suke fasa ginin ofisoshi, 'yan sanda suna zaune a ɗakin Beckert suna jiran ya dawo. Hanyoyin biyu sun kai ga mutum ɗaya a rana ɗaya. Hanyar Lohmann tana da shaidar da za a iya ajiyewa a gaban alƙali a gwada ta, ɗayar kuwa ta rataya ne a kan kunnen makaho guda da tafin hannun saurayi guda. Da makahon ya yi kuskure, da allin nan ya sauka a kafaɗar wani bawan Allah mai son fito, kuma babu wani mataki a tsarin ɓarayin da zai gano kuskuren kafin a binne shi. Sa'a ce ta sa suka dace, kuma dattijon nan mai agogo yana nan a farkon fim ɗin don ya tuna mana yadda abin yake idan ba a dace ba.

Shari'ar da aka yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na masana'antar ita ce zuciyar fim ɗin. An jefo Beckert daga matakala, ya ɗago kai ya ga ɗaruruwan fuskoki sun yi tsit suna kallonsa, ɓarayi da 'yan yankan aljihu da karuwai da mabarata. Akwai teburin alƙalai, akwai shaidu, har lauya mai kare shi an tanadar masa. Da ya nemi a miƙa shi ga 'yan sanda a kai shi kotu ta gaskiya, sai ɗakin ya ɓarke da dariya. Schränker ya faɗa masa dalili a fili, cewa sun san abin da zai faru: zai fake da sashe na 51 na dokar laifuffuka, a ce ba shi da hankali, gwamnati ta ciyar da shi a asibiti, wata rana ya tsere ko a yi masa afuwa, ya koma farautar yara da takardar kariya a aljihu. Wannan magana tana da nauyi, musamman da yake mun riga mun san Beckert ya taɓa zama a irin wannan asibiti aka sallame shi.

Sai Beckert ya durƙushe ya yi jawabin da ya sa sunan Peter Lorre, ɗan wasan da ya fito a matsayinsa, ya zagaya duniya. Ya ce da su su ne masu laifi na gaskiya, domin da sun koyi sana'a sun kama aiki da sun daina abin da suke yi, shi kuwa ba shi da ikon dainawa. Ya kwatanta yadda yake tafiya a titi yana jin ana bin sa, kuma mai bin nasa shi ne kansa, da yadda fatalwar yaran da iyayensu mata suke gudu tare da shi, ba sa barinsa sai a lokacin da yake aikata abin, sannan ya farka bai tuna komai ba sai ya karanta a takardar sanarwa. Yayin da yake magana kyamara tana nuna wasu tsofaffin masu laifi a cikin taron suna gyaɗa kai, alamar sun san wani abu makamancin wannan a cikin kansu.

Ni dai ban gaskata Beckert gaba ɗaya ba, kuma ina ganin ba a tilasta wa mai kallo ya gaskata shi ba. Mutumin da ya san ya sayi alewa da balan-balan don yaudarar yarinya, ya san ya ja ta zuwa inda ba kowa, ya zauna ya rubuta wa jarida wasiƙa a dakalin taga, mutum ne da hankalinsa yake aiki ta wasu fuskoki sarai. Gaskiya ne an nuna shi yana kokawa da kansa a wani wurin shan shayi, yana kwankwaɗar barasa yana toshe kunnuwansa, amma bai taɓa kai kansa wurin likita ko ofishin 'yan sanda ya ce a tsare shi ba. Wanda ya san akwai kura a cikinsa kuma ya ci gaba da yawo a ƙofar makarantar yara, akwai alhaki a wuyansa ko da ba shi da iko a kan kurar a lokacin da ta taso. Sai dai wannan shakka tawa ita ce babbar hujjar da ta sa nake goyon bayan ƙarshen fim ɗin. Ko Beckert mara lafiya ne ko maƙaryaci ne ko duka biyun, tambaya ce da ke buƙatar likitoci su zauna da shi makonni, a kira shaidu, a yi musu tambayoyin ƙwaƙwaf, a ba wani alƙali na sama damar duba kuskuren na ƙasa. Taron da ya yanke hukunci kafin a shigo da wanda ake tuhuma ba shi da kayan aikin amsa ta, kuma ba ya ma son a amsa ta.

Dubi yadda aka yi da jawabin nasa. Schränker ya miƙe ya ce wanda ake tuhuma ya yanke wa kansa hukunci, domin mutumin da ya ce dole ne ya yi kisa, wajibi ne a kashe shi kamar yadda ake kashe gobara. Lauyan, wanda har zuwa lokacin ake ɗauka ɗan cika fage ne, ya tashi ya juya maganar, ya ce tilascin nan shi ne ainihin abin da ya ɗauke masa alhaki, kuma mara lafiya likita ake kai wa, ba a kai shi wurin hauni. Ya kuma tunatar da taron cewa shugaban wannan kotu da ke maganar adalci, 'yan sanda suna nemansa kan kisan mutum uku. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Jimla ɗaya ce daga bakin Beckert, amma mutum biyu suka ciro hukunci biyu masu karo da juna daga cikinta, kuma kowanne yana da hankali a maganarsa.

Wannan saɓani bai tsaya a fim ba, yana nan cikin littattafan doka har yau, har da namu. Sashe na 51 na dokar Jamus ta wancan lokaci ya ɗauke laifi daga wanda ciwon ƙwaƙwalwa ya raba shi da ikon zaɓi. A Arewacin Nijeriya, dokar final kod ita ma a sashe na 51 ta yi maganar taɓin hankali, abin da ya ba ni mamaki ranar da na lura da dacewar lambar, amma ma'auninta shi ne ko mutum ya san abin da yake aikatawa da kuma cewa laifi ne. Dokar laifuffuka ta Kudu, a sashe na 28, ta ƙara da rashin ikon kame kai. Ke nan Beckert guda ɗaya, da jawabinsa guda ɗaya, zai iya samun mafita a wata kotu ya rasa ta a wata, a cikin ƙasa ɗaya. Malaman fiƙihu su ma sun daɗe da sanin cewa an ɗauke alƙalami daga mahaukaci har sai ya warke, sun kuma yi bayani a kan wanda haukansa ke zuwa yana tafiya, amma ba su bar wa 'yan unguwa tantance wannan ba, kuma ko ƙisasi da yake haƙƙin dangin mamaci ne, ta hannun hukuma ake karɓarsa. Abin da masana suka shafe ƙarnuka suna auna shi da ma'aunin zinariya, shi ne taron masana'antar barasa yake son ya gama da shi da ihu cikin minti goma.

Ihun kuwa ya zo. Wata mata ta miƙe ta ce da lauyan ai bai taɓa haihuwa ba balle ya rasa ɗa, a je a tambayi iyaye mata ko za su yi wa wannan mutum afuwa. Taron ya rikice, aka yunƙura za a yayyaga shi, sai kowa ya sandare, hannaye suka tashi sama sannu a hankali. 'Yan sanda sun iso, domin Lohmann ya yaudari wani ɓarawo da aka manta a ginin ofisoshin, ya ce masa ɗaya daga cikin masu gadi ya mutu, tsoron tuhumar kisa ya sa ya faɗi inda aka kai Beckert. Ba a wanke hukuma tas ba ke nan, ita ma da ƙarya ta samu bayanin. Wani hannu da ba mu ga mai shi ba ya sauka a kafaɗar Beckert, aka ce da sunan doka. A waccan kafaɗa aka buga masa alli, a nan kuma aka karɓe shi daga masu allin. Wannan ita ce amsar Lang, kuma ba ta da wani lauje cikin naɗi. Da ya ci gaba ya bari mun ji an yanke masa kisa, da mai kallo ya fita yana cewa ai ɓarayin sun yi gaskiya, ɓata lokaci kawai aka yi. Da kuma mun ji an mayar da shi asibiti, da an fita ana cewa Schränker ya faɗa tun farko. Kowane hukunci aka furta, taron ne zai ci riba da shi.

Lokacin da fim ɗin ya fito ya ƙara wa wannan shiru ma'ana. An kama Peter Kürten, wanda ya addabi birnin Düsseldorf da kashe-kashe, a watan Mayun 1930, aka yi masa shari'a a watan Afrilun 1931, likitoci suka tabbatar yana cikin hankalinsa, aka same shi da laifin kisan mutum tara. An fara nuna M a Berlin ranar 11 ga Mayu, aka fille kan Kürten a birnin Kolon ranar 2 ga Yuli. Lang ya musanta cewa labarin Kürten ya ɗauka, amma Jamusawan da suka shiga sinima a waɗannan makonni suna tsakiyar muhawara ce a kan hukuncin kisa, kuma kowa ya shigo da amsarsa a aljihu. Joseph Goebbels, jigon farfagandar 'yan Nazi, ya kalli fim ɗin ya rubuta a kundinsa cewa ya ƙayatar, yana fahimtarsa a matsayin goyon bayan hukuncin kisa da adawa da tausayin banza. Wannan ya nuna cewa ko da shirun da Lang ya yi, mai neman jini ya ji abin da yake son ji. Amma tafiyar ba ta yi nisa ba: bayan 'yan Nazi sun hau mulki a 1933, Lorre, wanda Bayahude ne, ya bar ƙasar, Lang ma ya fice, aka haramta fim ɗin a 1934, sannan a 1940 aka yanko jawabin Beckert aka saka a wani fim na farfagandar ƙin Yahudawa, kamar dai ɗan wasan yana bayyana halin ƙabilarsa ne. Maganar Schränker ta cewa irin wannan mutum a shafe shi kawai ta tashi daga bakin ɓarawo ta zama manufar gwamnati, inda tsakanin 1940 da 1941 aka hallaka marasa lafiyar ƙwaƙwalwa da naƙasassu kimanin dubu saba'in a cibiyoyin da aka keɓe, mutanen da ba su taɓa ɗan kowa ba. Gustaf Gründgens, wanda ya fito a matsayin Schränker da rigar fata da safar hannu, ya zauna a Jamus ya shugabanci babban gidan wasan kwaikwayo na gwamnati a Berlin a zamanin.

Ba sai na yi dogon bayani ba kan dalilin da ya sa fim mai shekara fiye da casa'in yake taɓa mai kallo a nan. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan banga sun tare wata babbar mota da ta taso daga Fatakwal, suka ga bindigogin farauta, aka yi shelar an kama masu garkuwa da mutane, aka kashe mafarauta goma sha shida da ke hanyar komawa Kano yin Sallah. Mutanen yankin suna da fargabar garkuwa ta gaskiya, kamar yadda mutanen birnin Beckert suke da fargaba ta gaskiya, kuma allin ya sauka a kafaɗar da ba ita ba. Mun yi kuka a kan wannan, kuma ya dace mu yi, amma mu ma a garuruwanmu an sha rufar wa baƙuwar mace da duka don an gan ta riƙe da hannun yaro. A gefe guda kuma, lokacin da aka kashe Hanifa a Kano, yarinyar da aka tuhumi mai makarantarsu da sace ta, fushin jama'a ya kai har aka cinna wa makarantar wuta, amma wanda ake tuhuma ya isa gaban alƙali da ransa, aka saurari shaidu, babbar kotun jiha ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yulin 2022. Na san ƙorafin da ke biyo baya, cewa gwamnoni ba su cika sa hannu a takardar zartarwa ba kuma ɗaukaka ƙara tana cin shekaru. Ƙorafi ne na gaskiya, kuma shi ne ainihin abincin da ke ciyar da irin su Schränker. Wanda ya ce a bar wa kotu, ya ɗauki nauyin matsa wa kotun ta yi aikinta, in ba haka ba maganarsa ba za ta shiga kunnen uwar da ta binne ɗanta ba.

Inda nake ƙorafi a kan Lang shi ne jimlar ƙarshe. Bayan ya nuna mana asibitin da ya sallami Beckert ba tare da bibiya ba, da 'yan sandan da suka ɓata watanni suna kamen 'yan caca, da jaridun da suka yi ciniki da tsoron jama'a, sai ya sa gargaɗin kula da yara a bakin uwar Elsie, kamar dai sakacin daga gida ya faro. Matar nan mun gan ta a farkon fim tana ɗauke da kwandon wanki, tana dafa abinci tana duban agogo, kuma mun ga iyaye masu hali sun je ƙofar makaranta ɗaukar 'ya'yansu yayin da ita take gaban baho. Ba ta je ɗaukar Elsie ba ne domin idan ta bar wankin ba abin da za a ci a gidan. Wasu suna cewa kalamanta na ƙarshe ga dukan jama'a take yin su, har da masu kallo, kuma akwai gaskiya a wannan. Duk da haka da na so a ce wani ne daga cikin masu riguna da ke kan kujerun shari'a, ko Lohmann da sigarinsa, aka ɗora wa furta su. Ita an riga an karɓi abin da za a karɓa a wurinta tun ranar da ta jera faranti a tebur ta yi ta kiran suna a matakala.